'Yan Matan Gwaggo Goma Sha Bakwai

Ranar Laraba da hantsi Allah Ya karɓi ran Gwaggo, a ɗakinta na haya da ke bayan kasuwar goro a Agege ta Legas, kanta a kan cinyata. Kafin la'asar an kai ta. Ban taɓa sanin tana da jama'a haka ba sai ranar. Mahauta sun taso daga mayankar Oko-Oba ko riga ba su sake ba, 'yan goro sun rufe huhunansu, direbobin tanka sun bar layi a Apapa sun zo. Iya, Bayarabiyar da ke da gidan, wadda suka shekara ashirin suna faɗa da Gwaggo a kan igiyar shanya da bakin famfo, ta zube a ƙofar ɗaki tana birgima, tana kiran Allah da Yarabanci, tana tambayar wa zai sake zaginta da sassafe. Mata kuwa magana ɗaya ce a bakinsu. Kowacce ta durƙusa ta yi min gaisuwa sai ta ce, “Ita ta yi min jere.”

A cikin wannan taron ne na ji wata baƙuwa ta raɗa wa ta kusa da ita, “Wai ita ce matar nan mai ajiye gumaka?” Ɗayar ta ce, “Ita ce. Allah dai Ya yafe mata.” Wallahi da ba zaman makoki ba ne, da na tashi na nuna mata ƙofa. Yau kwana arba'in, maganar ba ta mutu ba. Jiya ma na ji wata mai kwatance tana cewa a bi ta gidan mai gumaka a sha kwana. Gwaggo ba ta haihu ba, ba ta bar ɗan da zai tsaya ya ce ƙarya ne. Ni ta riƙa tun ina shekara biyar, bayan rasuwar mahaifina, ƙaninta. In ban faɗi yadda abin yake ba, da wannan sunan za a tuna ta, in ma an tuna. Ni kuma akwai nawa laifin a ciki, yana ci na, gara in faɗe shi.

Ƙafa ɗaya gare ta. Tana budurwa a ƙauyenmu na ƙasar Kano kububuwa ta sare ta a gona, wanta ya goyo ta zuwa gida, kafin a kai asibiti ƙafar ta ruɓe, aka yanke ta daga gwiwa. Kafin nan ita ce mai ba da waƙa a dandali, an ce in ta shiga gaɗa har daga wasu ƙauyuka ake zuwa kallo. Ita dai ba ta taɓa ba ni wannan labarin da bakinta ba, a wurin wasu na tsinta. Daga baya wani falke mai goro ya aure ta ya kawo ta Ikko, kamar yadda take kiran Legas har ta mutu. Da ya rasu ta ƙi komawa gida, ta kama dillanci. Da sandar hammata take shiga motar haya ta danfo, kuma kwandasta bai isa ya kama hannunta ba. Wanda duk ya ce mata sannu da ƙoƙari sai ta ce, “Sannu da naka, mai ƙafa biyu da bai je ko'ina ba.”

Amma abin da aka fi saninta da shi jere ne. Ba a kai amarya a unguwarmu Gwaggo ba ta shiga ɗakin ba. Sai ta baje a tabarma, ta miƙe sandarta tana nuni: a ɗaga wannan kwano, a juya wancan faranti furensa ya kalli ƙofa, wa ya ɗora langa a kan samira kamar ba shi da ido? Takan sa a rushe jeren bango guda saboda kwano ɗaya ya karkace. 'Yan jere su yi ta ƙunƙuni, amma in an gama, ko uwar miji mai neman abin faɗa sai ta yi shiru.

Shekara guda bayan samun 'yancin kai, lokacin da Turawa ke ta tattara kaya, aka ce mata wata tsohuwar Baturiya a Apapa tana sayar da kayan gida. Gwaggo ta je neman farantai. A ƙasan wani akwati, cikin ciyawa, ta tarar da wasu 'yan mata uku na tangaran, kowacce ba ta kai tsawon kamu ɗaya ba, farare tas, da ɗan buje a buɗe kamar lema, hannu a sama, a tsaye kan yatsun ƙafa ɗaya, ɗayar ƙafar a ɗage ta baya. Ɗaya daga cikinsu ƙafar da ta ɗaga ta karye daga gwiwa. Kukun gidan ne ya yi musu tafinta. Tsohuwar ta ce ita 'yar ƙasar Rasha ce, waɗannan 'yan rawa ne irin na can, rawar da ake yi a kan yatsu. Na kakarta ne, uwarta ta gudo da su a cikin kayan sawa shekarar da aka tumɓuke sarkinsu. Ta ce biyun za ta sayar, karyayyar kuwa a zubar. Gwaggo ta ɗaga haɓar zanenta ta nuna mata dungun ƙafarta, ta ce wa kuku, “Tambaye ta, ni ma zubar da ni za a yi?” Tsohuwar ta fashe da kuka, ta naɗe dukkan ukun da hannunta.

Da ta dawo gida ta jera su a kan tebur ta daɗe tana kallo. Can ta ce, “Kai, Rashawa ba su da kunya. Yara kyawawa haka a bar su cinya a waje?” A ranar ta buɗe adakarta ta ɗauko wani tsohon ƙyalle na saƙi, baƙi, siriri, mai wani tabo da ba ya fita, ta ɗaura wa karyayyar ya zama mata zane. Na tambaye ta ƙyallen mene ne, ta ce ba nawa ba ne, in kama gabana. Shekarar ce aka yi min aure. Da tela ya kawo ɗinkin lefena, ta tsinci ragowar atamfar, ta yi wa ta biyu zane da kallabi, ta ce, “Ke ce wannan. In kin tafi Ikorodu gidan mijinki, ga ki nan a gabana.”

Daga nan abin ya zame mata jiki. Duk wanda ke da hanya a tashar jiragen ruwa ya san saƙon Gwaggo. Yayana direban tanka ne, shi ta fi azabtarwa, in jirgin Rashawa ya tsaya sai ya bi ma'aikatan jirgin da kwatance, har da ɗaga ƙafa yana gwada musu. Wasu ta samo a gwanjon gidajen Turawa, biyu kuma wani ɗalibi da ya yi karatu a can ya kawo mata. Da kuɗin man fetur ya shigo gari, kowa na sayen rediyo da firji, ita 'yan rawa take nema. An sha kawo mata na jabu. Sai ta ɗaga abin ta kalli rana, in haske bai ratsa bujen ba kamar ɓawon ƙwai, ta gyaɗa kai. Ta ƙwanƙwasa da farce ta kara a kunne, ta ce, “Wannan ba ta da murya, mayar musu.” Ta kife ta duba hatimin da ke ƙasa, duk da ko alif ba ta sani ba a rubutunsu. A shekara goma sha biyar, goma sha bakwai kawai ta yarda da su.

Ba kowace amarya ce ke samun 'yar rawa ba. Sai wadda ba ta da uwa a Legas, marainiya ko wadda iyayenta ke can Arewa ba halin zuwa. Irin waɗannan Gwaggo ba ta karɓar tukuicinsu, ƙyalle kawai take nema daga zanen lefe. In babu 'yar rawa a ƙasa, ƙyallen ya jira a adaka har a samu. Duk Juma'a da safe takan buɗe kabet ɗinta mai gilashi, ta goge su ɗaya bayan ɗaya, ta gyara musu ɗauri, tana yi musu hira. In ta ji wata tana shan wuya a gidan miji, sai ta matso da tata gaba, ta ce a bar ta nan inda ido zai riƙa ganinta, washegari kuwa ta ɗauki sanda ta nufi gidan. Mazan unguwa da yawa sun san ɗanɗanon bakinta ta wannan hanyar. Kuma a duk shekarun nan ba wanda ya taɓa cewa uffan a kan kabet ɗin. Malamai sun shiga ɗakin sun yi addu'a sun fita. Abin da ido ke gani wasu 'yan tsana ne cikin zane da kallabi, a rufe ruf kamar masu zuwa suna.

Sau ɗaya na ga abin ya taɓa ta. Iya ta sayi talabijin, wata Lahadi da yamma ta ƙwalo kira, “Mama Gwaggo, zo ki ga yaranki, suna rawa!” Muka tafi. Ashe irin rawar ce ake nunawa. Gwaggo ta zauna ta ƙura ido. Yarinyar da ke rawar ta ɗaga ƙafa kamar na cikin kabet, Gwaggo ta yi murmushi, sai kuma ta sauke ƙafar ta ruga da gudu ta yi tsalle. Murmushin ya ɗauke. Ta ce, “Af. Ashe suna saukewa.” Iya ta yi dariya ta ce to da fa, haka za su kwana? Gwaggo ta ɗauki sandarta ta fita. Kwana uku ba ta yi wa Iya magana ba, ko zagin safe babu, har Iya ta aiko da tuwon amala da miyar ewedu irin tasu ta Yarabawa a ba ta haƙuri ba ta san laifinta ba. A rana ta huɗu na same ta gaban kabet, ta ce ba tare da ta waiwayo ba, “Na talabijin su suka sani. Nawa ba sa saukewa.”

Ciwon ajalinta bai yi wata biyu ba. Na baro yara a Ikorodu na dawo na zauna da ita. Ana jibi za ta rasu ta sa na buɗe kabet, ta bi su da kallo, ta ce, “Ke 'yar nan, ga 'yan matana nan. Ban ce ki yi musu komai ba. Kada dai ki bari a tuɓe su.” Na ce haba Gwaggo, wa zai tuɓe su? Na ɗauka zafin ciwo ne. Ashe ita ta san mutanenta, ni ce ban sani ba.

Baffa, wanta, wanda ya goyo ta daga gona, bai samu jana'iza ba. Jirgin ƙasa ya kawo shi daga Kano ranar sadakar uku. Shi kaɗai ya rage a ɗakinsu, don haka duk abin da ta bari nasa ne, ni ɗiyar riƙo ba ni da ko cokali. Da safiyar ranar na tafi Ikorodu ɗauko yarana. Matar Yayana kuwa, baiwar Allah, ba ta fi wata huɗu da zuwa daga Arewa ba, ga ta da son aiki. Ta san ba a raba kayan mamaci sai an wanke. Ta wanke zannuwa, ta wanke mayafai, ta wanke zanen gado. Da ta gama ta ga kabet, ta ga wasu ƙananan zannuwa sun sha ƙura, ta ce su ma ai kayan marigayiya ne.

Ina shigowa tsakar gida na hango su a kan igiya, ƙananan zannuwa goma sha bakwai da kallabansu, a jere, suna ɗiga. Wayyo Allah! Na yar da jakata na ruga ɗaki. Na makara. Baffa yana tsaye gaban kabet da limamin unguwa da wasu dattawa biyu da suka rako shi ganin kaya. A bayan gilashi ga 'yan matan Gwaggo, kafaɗa a waje, cinya a waje, ƙafa a sama. Ni kaina da na san su, sai da na kawar da kai. Ɗaya daga cikin dattawan yana ta a'uziyya. Baffa ya juyo ya ce, “A cikin wannan ɗakin ta cika? A gaban waɗannan?” Na ce Baffa tsaya in yi maka bayani. Ya ce, “Wallahi tallahi ba zan bar garin nan ba sai na fille kan kowacce. Ranar bakwai, bayan addu'a.” Ya kulle kabet, ya jefa makullin a aljihu, ya sa aka lulluɓe gilashin da bargo.

Kwana huɗu gare ni, kuma ba inda ban buga ba. Matar Yaya ta yi kuka har idonta ya kumbura, na rasa ma bakin yi mata faɗa, don ni aka bar wa amana na tafi na bar ɗaki a buɗe. Iya ta ce ta san kafinta, a ɓalle bayan kabet a kwashe su a kai ɗakinta, in Baffa ya isa ya shigo. Na so in yarda, Allah Ya sani. Amma mijina ya ce wannan satar gado ce, in na yi, na ƙara wa Gwaggo wani nauyin, kuma gobe a ce ɗiyar mai gumaka ɓarauniya ce. Na je wurin liman na durƙusa. Na ce, “Allah gafarta Malam, sau nawa ka shiga ɗakin nan?” Ya ce ya shiga, kuma ya ɗauka 'yan tsanar yara ne. Ya ce shi bai ce Gwaggo ta bauta wa wani abu ba, ya shaide ta da salla da azumi. Amma abin da aka sani shi ne ba a ajiye mutum-mutumi mai cikakkiyar sura, in an cire kai magana ta ƙare. Kaya na Baffa ne, rantsuwa ma tasa ce. Tana da kaffara in ya so, sai dai ba mai yi masa dole.

Na samu Baffa a zauren da aka sauke shi, bayan la'asar, yana jan carbi. Na faɗi a gabansa na kama ƙafarsa. Na ba shi labarin jere, da marayu, da ƙyallaye, da goge-gogen Juma'a. Na ce ya bar min su in tafi da su Ikorodu, ba zai sake ganinsu ba har abada. Na ce in azumin kaffara ne ni zan yi masa, ya ce ba a yi wa mai rai. Na yi kuka har na rasa murya. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, “Kin san wa ya aike ta gonar nan?” Na ce a'a. Ya ce, “Ni. Ni aka ce in je in kwaso kara. Ina son zuwa kallon dambe, na ce ta je ta fara, ina tafe. Shekara hamsin ke nan ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, ba ta taɓa yi min gori ba. Ni na ja mata ta rasa ƙafa a duniya. Yanzu kina so in zuba ido abin da zai hana ta kwanciyar kabari yana tsaye a ɗakinta? Ba zan iya ba, 'yata. Ki tsine min in kina so.” Sai na ga hawaye na bin gemunsa. Na shigo da shirin faɗa da azzalumi, na tarar da tsoho mai jin tsoro. Abu ɗaya na samu ya yarda da shi. Na ce ko gawa sai an suturta ta, ya bari a mayar musu da zannuwansu kafin ya yi abin da zai yi. Ya ce ya amince.

Na aika wa duk wadda Gwaggo ta ɗaura wa ƙyalle. Ranar bakwai, bayan an shafa addu'a an raba waina, goma sha ɗaya suka zo, sauran sun bar gari, biyu sun riga ta tafiya. Baffa ya buɗe kabet ya koma bakin ƙofa ya juya baya. Na zuba ƙyallayen a faifai. Ba wadda ta yi laluben nata. Wata ta ɗaga wani kore mai zanen tsuntsu ta ce, “Wayyo, zanen kamuna,” ga ta da 'ya'ya shida yanzu. Wata ta ce ita ba ta ma san an ajiye ba. Muka zauna a ƙasa muna ɗaura wa tangaran zane, kallabi na zamewa. Na waɗanda ba su zo ba ni da Iya muka ɗaura. Karyayyar na bari a ƙarshe. Na naɗa mata baƙin saƙinta, na tura ta can ƙuryar kabet, bayan kowa. A raina na ce ita ce Gwaggo ta fi so, bari ta zama ta ƙarshe, ko Allah Zai sa hannunsa ya gaji, ko a kira salla, ko wani abu ya faru.

Baffa ya shigo da 'yar gudumar da ya aro wurin mai gyaran takalmi. Na ce ba za a jefa su a ƙasa ba, ni zan riƙe. Na fara miƙa tawa. Ya yi bismilla ya ƙwanƙwasa wuyan sau ɗaya. Ƙarar ba ta fi ta cokali a bakin kofi ba, kan ya faɗo cikin zanena da kallabinsa. Mata suka ɗauki salati. Iya ta fita da gudu tana kururuwa. Na miƙa ta biyu. Bai dube ni ba, ban dube shi ba. Kowace ya fille, mai ita ta miƙo hannu ta karɓa ta rungume. Ina ƙirgawa a zuci, ina roƙon Allah Ya kawo wani abu, ba abin da ya zo. Goma sha huɗu, goma sha biyar, goma sha shida.

Na zura hannu ƙurya na ɗauko ta. Ya ɗaga guduma, sai ya tsaya. Ya ce, “Miƙo ta nan.” Ya karɓa ya matsa bakin taga. Ba dungun ƙafar yake kallo ba, ƙyallen yake murzawa da yatsa, yana bin tabon nan da ba ya fita. Ya ce, “Ina ta samo wannan?” Na ce tun ranar farko da shi ta ɗaura mata, ta hana ni tambaya. Sai gudumar ta faɗi. Ya ce, “Saƙar innarmu ce. Zanen da ke jikinta ke nan ranar. Ni na yage gefensa da haƙorina na ɗaure mata ƙafa a saman saran.” Ya zame ya zauna a ƙasa, tsoho mai shekara saba'in, a tsakiyar mata, ya rufe fuska da hannun riga. Yana ta cewa, “Ashe ta ajiye. Ashe ta ajiye.”

Ni kuwa na dubi kawuna goma sha shida a cikin zanena. Da ita na fara miƙa masa, da ko ɗaya ba a taɓa ba. Ni da hannuna na kai ta ƙurya, don wayona. Wannan shi ne laifin da na ce yana ci na, kuma ban san ranar da zai bar ni ba.

Washegari na raka shi tasha. Ya ce zai yi azumi uku in ya isa gida. Na ga aljihun babbar rigarsa ya yi nauyi gefe guda, hannunsa a kai. Na ce, “Baffa, me za ka yi da ita? A can ma za a gani, za a yi magana.” Ya ce, “A yi. Na goyi mai ita daga gona har gida, wannan ba za ta gagare ni zuwa Kano ba.” Ya hau jirgi bai waiwayo ba.

Matan sun tafi da nasu, kowacce ta ƙulle tata a haɓar zane. Tawa da huɗun da masu su ba su zo ba suna wurina a Ikorodu, cikin kabet ɗin da Baffa ya bar min. Kawunan na zuba a wata samira ta Gwaggo na rufe, na kasa binnewa, na kasa zubarwa. Duk Juma'a da safe ina buɗewa in goge su in gyara musu ɗauri. Ba su da kai, amma ba wadda ta sauke ƙafa.

Don Allah wanda duk ya karanta wannan, in ya ji an ce gidan mai gumaka, ya ce a'a, gidan Gwaggo mai jere ne, wadda ta zama uwa ga waɗanda ba su da uwa a Ikko. Ya Allah Ka yafe mata, Ka yalwata mata makwanci, Ka suturta ta kamar yadda ta suturta 'ya'yan mutane. Ka tashe ta ranar tsayuwa da ƙafafunta biyu.